Gwaggo Ta Daina Jan Hagu

Baba Direba kowa yake ce masa, har jikokinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa masu awon ƙasa a wata jif mai rufin tamfol, irin wadda in an sa mata giyar ƙarfi take hawa dutse kamar akuya. Bai taɓa buge ko kaza ba, kuma ba a tashi daga hira da shi bai tuna wa mutane hakan ba. Ma'aikatan ofis ne suka raɗa wa motar suna Gwaggo, don ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in kuma ta tashi mita har yamma.

Da ya yi ritaya aka jingine ta a bayan ofis, tayoyi suka sace, ɓeraye suka tare a kujeru. Ranar gwanjon tsofaffin kaya shi kaɗai ya ɗaga hannu. Da igiya aka janyo ta, maƙwabta suna leƙe suna tambayar juna ko tsohon ya koma sayen ƙarafa ne.

Shekara huɗu aka yi ana gyaranta a garejin wani bakanike mai haƙuri da ake kira Dogo. Kullum Baba yana can a kujerarsa ta roba. Ba ya taɓa sifana, amma babu notin da aka ɗaure bai sa baki ba. Aka sauke inji, aka wanke kafireto, mai walda ya toshe ramin da ake hango titi ta tsakanin ƙafafu, aka yi mata koren fenti irin na da. Duk ƙarfen da aka cire kuwa Baba ya hana a zubar, sai dai a jefa a wata tsohuwar durom a bayan gareji.

Ranar da aka gama, ya sa sababbin kaya ya shiga. Bugu ɗaya Gwaggo ta tashi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya fito daga gareji yana ɗaga wa mutane hannu. Bai kai kwanar farko ba tayar dama ta faɗa kwata.

Ya ce ɗoki ne, kowa ya yarda. Bayan kwana biyu ya kwashe teburin mai lemo, shi ma ta dama. A mako na biyu ya goge ginshiƙin ƙofar gidansa, ƙofar da ko da ido rufe ya san faɗinta.

Nan 'yarsa Auta ta shigo maganar. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ita ce mai faɗa a ji a gidan. Ta kai shi aka duba ido, ya karanta allo har layin ƙarshe. Aka auna jini, aka duba kunne, lafiya lau. Baba ya ce to ai ga shi nan, motar ce. Dogo ya hau da ita titi, ya saki sitiyari ya naɗe hannu, Gwaggo ta miƙe sambal. Idonsa lafiya, motar lafiya, titin ma lafiya, kwatar dama kuma tana nan tana jiransa.

Abin ya ɗaure wa Baba kai, daga baya ya koma ba shi tsoro. Sai ya faki idon mutane ya bi layin siminti a tsakar gida, ya ga ko tafiyarsa ma ta karkace. Ba ta karkace ba. Yakan zauna ya zuba wa hannuwansa ido, yana juya su, bai ga abin da ya canza ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne, lokacin da motar take ragwaɓe ba ta taɓa ba shi kunya ba, sai yanzu da ta zama sabuwa.

Auta ta zare makullin ta jefa a jakarta. Ta ce gwaji ɗaya ya rage, ranar Asabar, a doguwar hanyar bayan sito-sito inda ba kowa, ita da Dogo a ciki. In motar ta sake barin hanya, ya gama tuƙi ke nan, Gwaggo kuma a nema mata mai saye. Baba bai yi musu ba.

Asabar ta zo. Auta a baya ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, Dogo a gaba. Aka tashi lafiya, can sai motar ta fara zamewa dama a hankali, har ciyawar gefe ta soma shafar taya. Dogo bai kalli hanya ba, hannun tsohon yake kallo.

“Baba, me ya sa kake danne sitiyarin?”

“Wa ya danne? Riƙewa kawai na yi.”

Dogo ya sa aka tsaya. Ya ciro alli daga aljihu ya ja layi a tsakiyar sitiyarin daga sama, ya ce a sake tashi. Suna tashi layin ya kwanta dama da kusan yatsa uku, ya tsaya a nan. Baba ya dubi allin, ya dubi hannunsa, ya rantse shi bai juya komai ba. Kuma gaskiya ya faɗa, bai san yana yi ba.

Dogo ya ce su koma gareji, shi zai tuƙa. Ya kifar da durom ɗin nan, ya yi ta tono har ya zaro wata sandar ƙarfe mai tsatsa, wadda take haɗa sitiyari da tayoyin gaba. A lanƙwashe take. Ya ce ya tuna ranar da ya cire ta, har ya yi mamakin yadda aka yi tafiya da ita. Mota mai wannan sanda dole ta riƙa jan hagu, mai tuƙa ta kuma dole ya riƙa danne dama. Da ya sa mata sabuwa miƙaƙƙiya, motar ta daina ja, hannun Baba bai daina dannewa ba.

Auta ta tambaya, ta yaya motar ofis za ta yi shekara da shekaru a haka ba a gyara ba? Baba ya karɓi sandar ya shafa lanƙwasar da babban yatsa.

Sannan ya ba su labari. Wata rana da damina, da tsakar rana, aka aiko masa ofis cewa naƙuda ta kama matarsa, gada kuma ruwa ya shanye ta. Ya ɗauki motar ba izini, ya ɗauko ta, ya ratsa ta cikin rafi. A tsakiyar ruwan tayar hagu ta daki dutse, sandar ta lanƙwashe. Sun kai asibiti a kan lokaci. Da ya kai rahoton sandar, da an tambaye shi inda ya je, da kuma aikin ya tafi. Sai ya yi shiru, ya riƙa gyara tafiyar da hannunsa, babu wanda ya taɓa ganewa. Tayar hagu tana saurin cinyewa, ofis ya ɗora wa hanya laifi. A kwana a tashi shi ma ya manta.

“Wa aka haifa?” in ji Dogo.

Baba ya dubi Auta. Ta san ita ce 'yar damina a gidansu.

Ta tambayi Dogo ko sandar za ta iya karyewa. Ya duba ta a rana, ya ƙwanƙwasa, ya ce ba tsaga ko ɗaya, taya kawai za ta riƙa ci. Amma shi fa bai gane ba, tun da ya fara kanikanci miƙe karkatacce ake kawo masa, yau kuma ana so ya cire lafiyayye ya sa lanƙwasasshe?

“Mayar masa da ita,” in ji Auta.

Da la'asar suka koma hanyar bayan sito-sito, wannan karon tana gaba kusa da shi. Gwaggo ta miƙe tsakiyar titi har ƙarshe, ko ciyawa ɗaya ba ta taɓa ba. A dawowa Auta ta ce ya ɗan saki ta ji. Ta kama sitiyarin, nan take ya fizge ta hagu, sai da ta sa hannu na biyu. Kafin su wuce sito uku wuyan hannunta ya fara zafi.

“Baba, haka kake riƙe da ita duk shekarun nan?”

“Ni ban taɓa jin nauyinta ba,” ya ce, ya karɓi sitiyarinsa.

Da suka isa gida ya kashe mota ya miƙa mata makullin, kamar yadda suka saba kwanan nan. Ba ta karɓa ba. Ta juya fuska wajen taga tana share ido, ta ce ya ajiye a aljihunsa.