Kakanmu Yana Mishan

Gidan da na tashi a ciki shi ne na ƙarshe a layinmu a Kagarawal. Daga katangarmu sai gonar dawa, daga gonar sai tsohon bariki, wani ƙaramin sansani da sojoji suka tashi suka bari tun ba a haife ni ba. Ko da na yi wayo babu kwano ko ɗaya a kan ɗakunan, an ɓalle ƙofofi, tumfafiya ta cika filin fareti, awaki na kwana a inda aka ce da can ma'ajiyar bindigogi ce. Mu yara wurin wasan ɓuya muka mayar da shi. Amma Dada, mahaifiyar Babanmu, ba ta taɓa ce masa kango ba. Duk safiyar Juma'a sai ta ɗauki tsintsiya ta je ta share ƙofar wani ɗaki a can, wanda ta yi zaman aure a cikinsa.

Dada mutuniyar ƙasar Waja ce, Hausarta ta bariki ce, mace ma "ya" take ce mata, mu yi ta dariya tana bin mu da muciya. Mijinta, Kofur Audu, ya tafi yaƙin basasa Babanmu na ƙarami, bai dawo ba. In ka tambaye ta inda yake amsarta ɗaya ce: "Yana mishan." A garinsu mishan shi ne asibitin masu wa'azi, inda ake kai wanda ya karye ko maciji ya sara, ya daɗe yana jinya ya dawo da ƙafarsa. Ta ce hafsa ne da kansa ya zo har ƙofar ɗaki ya gaya mata. Shi ya sa da aka sallami iyalai ta nemi fili a gefen barikin, don in ya dawo kada ya sha wahalar nema.

Da damina, in an idar da sallar isha'i an ɗauke wuta kamar kullum, a rumfar girki muke taruwa, tana gasa mana ɗanyar masara a garwashi. Ni sunan mijinta na ci, don haka ba ta kama sunana.

"Maigida, matsa can, ka cika wuri kamar kai ka yi cefane," in ji ta. Sai ta gyara murya irin ta saje. "Ga wata nan a bakin ƙofa, ba ta da izinin shiga!"

Mu kuma mu amsa, "Ta shigo mu ji ta!"

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta shamuwa ce ba ta gajiya da ita. Wai zaki ne ya tara tsuntsaye a wata kuka ya ce za a tafi yaƙi. Mijin shamuwa ya tafi ya bar ta da ɗan tsako ɗaya a sheƙa. Aka gama yaƙi kowa ya dawo ban da shi. Hankaka ya zo ya ce mata fiffikensa ne ya karye, yana gidan balbelu masu fararen kaya suna yi masa ɗori. Sannu a hankali tsuntsaye suka watse, gara ta shiga kukar, rassa suka fara zuba. Kurciya ta zo ta ce ta tashi, ta ƙi. Iska ta zo ta yi barazana, ta ƙi. Daga nan sai Dada ta karkaɗe zaninta ta ce a je a kwanta.

"Dada, to yaushe zai dawo?"

"Ɗori ba a yi masa gaggawa. Kai da ka yi targaɗe ba wata guda ka yi kana mana raki ba?"

Haushin wannan tatsuniya nake ji, domin ita kaɗai ce ba ta da ƙarshe.

Sai da na shiga sakandare na tsinci kalmar a darasin Turanci: misin, wato wanda ya ɓace, ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba. Na dawo gida da gudu, ina jin kaina wani babban malami, na gaya wa Baba cewa Dada kuskuren ji ta yi. Bai bari na rufe baki ba ya kama kunnena.

"Tun ina kamarka na sani," in ji shi. "Da wannan maganar take tashi, da ita take kwana. Ka kuskura ka gaya mata, ni da kai ne."

A shekarun nan ne kwarin da ke bayan layinmu ya fara haukacewa. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san yadda ruwa ke cin ƙasa. Kowace damina sai ya gutsuri wani abu, ya cinye gonar, ya cinye makewayin maƙwabcinmu, har bangon ɗakin Dada ya tsage kana hango waje. Baba ya riga ya gina ɗakuna a Tumfure, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can. Kowa ya ɗaure kaya, Dada ta ce ita ba inda za ta. Baba kuwa ba zai tafi ya bar ta ba, ga shi ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Ba ta faɗin sunansa, ba sa haɗa ido, in tana da magana sai ta aiki Innarmu ko ta faɗa wa bango ya ji. In hadari ya haɗo sai ka ga Baba a tsakar gida yana kallon tsagar nan.

Wata rana bayan an yi ruwa mai ƙarfi, muna rumfa, sai Baba ya jawo kujera ya zauna daga bakin ƙofa, wai takalminsa yake gyarawa. Bai taɓa zama wurin tatsuniya ba. Dada ta juya masara, ta ɗauko ta shamuwa. Da ta kai inda take tsayawa sai ta wuce.

Ta ce ai shamuwa ta ɗauki tsakonta ta je gidan balbelu, ta bi su gida gida. A can wata balbela mai kirki ta zaunar da ita ta ce ba ta fahimci hankaka ba ne, mijinta ɓacewa ya yi. To amma ta riga ta gaya wa tsakon cewa babansa na jinya, kuma da wannan yake yin barci. Kullum yana bakin reshe yana kallon hanya.

"Yaya za ta yi?" in ji Dada, tana kallon garwashi. "Ta ce bari ya girma tukuna. Ya girma, bai tambaya ba. Ta ce to har yanzu jira yake. In ta bar kukar, ai ta gaya masa ke nan."

Sai na ji muryar Baba, shi ma bango yake kallo, ya fake da ni kamar ni ke tambaya.

"Maigidanki ya tambaye ki, in tsakon ya daɗe da sani fa? In shi ma tsoron gaya mata yake?"

Dada ta sauke masarar daga garwashi. Ta share ido ta ce hayaƙi ne. Sannan ta dube ni. "Maigida, gaya wa wancan mutumin, bawan Allahn nan ko sadakar gero ba a taɓa yi masa ba. Ba shi da kabari sai ɗakin can na bariki. A yi masa abin da ake yi wa mamaci, sai in tafi."

Ran Juma'a aka share filin fareti aka shimfiɗa tabarmi. Liman ya zo, maƙwabta suka zo, 'yan'uwanta na Waja suka zo, Musulminsu da Kiristansu, aka yi addu'a aka raba gumba. Ranar na fara ganin Baba yana kuka, mutum mai furfura yana karɓar gaisuwar uba. Washegari Dada ce ta fara hawa motar kaya, tana faɗa wai mun cika nawa. Daminar da ta biyo baya kwari ya tafi da ɗakinta.

Yanzu Dada ta rasu, barikin ma an yanka shi filaye an yi gine-gine. Da ina ɗauka tatsuniyar shamuwa haƙuri take koyarwa. Da na haifi nawa sai na ga ba haka ba ne. Mutum biyu ne suka so juna har kowa ya ɗauki kaya ɗaya shi kaɗai, shekara da shekaru, yana zaton sauƙi yake yi wa ɗan'uwansa. Ban ga laifinsu ba, ina ƙaunarsu a kan haka. Amma da ciwo ya kwantar da Baba bara, 'yata ƙarama ta tambaye ni ko Kaka zai warke, har na buɗe baki zan ce mata eh. Sai na ɗora ta a cinya na gaya mata gaskiya, muka yi kukanmu tare.