Shekarar da Jinina Ya Yi Ƙasa

Da cin ƙanƙara abin ya fara. Irin wadda masu zoɓo suke fasawa su zuba a kula, ita nakan tsaya na saya a bakin kasuwa, na tafi ina gurzar ta da haƙora har muƙamuƙina ya yi tsami. Ko kaɗan ban kawo cewa wannan yana da alaƙa da gudu ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Dutse, kuma gudun dogon zango ya shiga raina sosai. Bayan sallar asuba nakan fita da wani abokina, Kirista ɗan Filato da ke aiki a sakatariya. Ya girme ni, ya kuma riga ni fara gudu. Mukan bi hanyar Kiyawa mu yi nisa, mu juyo kafin rana ta yi zafi. Akwai gasar da muke shirin zuwa a kudu bayan damina.

Sai na fara zama a baya. Ɗan tudun da nake haurawa muna hira ya koma yana tsayar da ni, zuciyata tana bugawa har cikin kunnena. Na ɗauka lalaci ne, na ƙara nisan gudun. Wata safiya na durƙusa a gefen kwalta, gari yana juya min. Abokina ya dawo, ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa.

"Ɗan Malam, idonka fari fat," in ji shi. "Yau ba makaranta za ka ba, asibiti za ka."

Likitar ta sa aka ɗebi jinina, sannan ta tambaye ni abin da nake ci. Na lissafa mata: koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da dare, shayi kuwa bayan kowanne. Da na ambaci ƙanƙara sai ta gyaɗa kai. Ta ce ƙarancin jini ne, sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata ya yi ƙasa, kuma mai dogon gudu ya fi kowa saurin ƙarar da shi. Ta rubuta min ƙwayoyi. Ta ce na riƙa cin hanta da nama da wake da zogale da alayyahu, na bi su da lemon zaƙi ko gwaiba.

"Shayi kuma ka nisanta shi da abinci, yana hana jiki ɗaukar abin da ka ci. Gudu, ka ajiye shi sai na gan ka."

Ajiye gudun ne ya fi ba ni wahala. Da asuba ƙafafuna suke tashe ni. In na dawo daga masallaci sai na tsaya ina kallon takalman a bakin ƙofa, na zaga tsakar gida, na fita, na dawo.

"Don Allah ka zauna, kana sa ni jiri," in ji Umma, tana tura min kwanon hantar da ta soya da albasa. Ban taɓa son hanta ba. Ina haɗiye ta kamar magani, ƙwayoyin kuma suna murɗa min ciki. Wata Asabar na shiga motar Jahun ba tare da ina da abin yi a can ba, na zauna kusa da taga ina bin gefen hanya da ido, ina tunanin inda zan sa ƙafa da a ƙasa nake. Na sauka, na zaga kasuwa, na hau wata motar na dawo.

Sai kuma batun shayi. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo a ƙofar gida. Bayan abincin rana abokansa sukan taru a zaure, ni nake dafa musu shayi, shi kuma ya miƙo min kofina da hannunsa. Bai taɓa son guduna ba. Yakan ce bai ga abin da ke bina ba. Saboda haka ban faɗa masa komai ba, na riƙa karɓar kofin ina ajiyewa a bayan buta. Bai daɗe ba ya lura.

"Shayin nawa ne ba ka so?"

"A'a, Baba. Likita ce ta ce kada na sha a kan abinci."

Na yi masa bayani duka, ina jiran ya ce ga abin da gudu ya jawo min. Ya ɗan dube ni, ya ce na nuna masa tafin hannuna. Ya juya shi, ya duba, ya sake shi.

Washegari aka gama cin abinci, na tashi zan hura gawayi, ya ce na bari. Ya gaya wa abokansa an mayar da shayi bayan la'asar. Wani dattijo da ya fi kowa son shayin ya ce, "Allah gafarta Malam, a kan me?"

"Haka nake so," in ji Baba.

Dattijon ya yi kwanaki yana gunaguni, amma bai daina zuwa ba.

Gasar ta wuce ba tare da ni ba. Abokina ya je, ya dawo da farcen ƙafa ɗaya a baƙe, yana ta ba ni labari, ni kuwa na kasa zama na saurare shi sosai. Sai bayan an girbe dawa likitar ta ce jinin ya hau, na iya komawa a hankali, amma kada na bar abincin.

Ranar farko ban yi nisa ba numfashina ya sarƙe. Na tsaya, hannu a ƙugu, na rasa ko ciwon ne bai tafi ba ko zaman ne ya kashe min jiki. Na ce mu ƙara kaɗan. Abokina ya ƙi, ya riƙe min hannun riga, muka juyo gida da tafiya ina ta yi masa gardama.