Kakana Nomau da Kalmar da Ya Ƙi Fassarawa

Duk wanda ya san Malam Nomau Tafinta a Yelwa ya san tabarau ɗinsa guda biyu. Ɗaya na karanta Turanci ne, ɗaya na rubuta Faransanci. Wallahi gilashi iri ɗaya ne, a tebur ɗaya ya saye su ranar kasuwa, amma faɗa masa haka ka ga tashin hankali! Sai ya karanta kalma da mai baƙin baki, ya cire, ya goge, ya ninke, ya sa mai jan baki, sannan ya ɗauki biro. Ni Kulu, jikarsa, na taɓa shafa wa mai jan bakin shuni, na musanya masa su. Ya yini yana rubutu bai gane ba. Da na tona, nan take ya yayyage aikin ranar gaba ɗaya.

"Shi yas sa!" in ji shi. "Tun da safe nike jin Faransancin ga shina warin Turanci."

Faransancin ya kwaso shi ne yana saurayi, lokacin da yake kai bandar kifi Gaya da Yamai a jirgin ruwa. Turanci kuma a ofishin En'e ya tsince shi yana masinja. Mu asalinmu mutanen gungu ne, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Kafin a haife ni aka tare ruwa a Kainji, tafki ya haɗiye gungunmu, aka loda mutanenmu a manyan motoci aka sauke su bayan gari cikin ɗakunan siminti. A nan aka haife ni, a nan na buɗe ido na ga tsohon nan yana gardama da kowa har da akuya.

Shekarar da na shiga aji uku na sakandare wani jami'i, Malam Shehu, ya zo daga Sakkwato da jaka a hammata. Wai za a yi binciken yawan mutanen garuruwan bakin kogi tare da mutanen Nijar. Takardun da Turanci aka tsara su, su kuwa can Faransanci suke ji. Ana son a juya musu kalmomin aikin: mazauna birni, mazauna karkara, cunkoson jama'a, yawan haihuwa, irin waɗannan. Shafi biyu ne rak. Ya ce mako ɗaya ya isa.

Bawan Allah, bai san gidan da ya shigo ba. Kaka ba ya fassara abin da bai gani da idonsa ba.

Aka fara da kalmar iyali. Bayanin da ke gefenta ya ce mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. Shi ke nan, tsoho ya ɗauki sanda ya bi unguwa gida-gida yana buɗe wa mata tukwane. Inna, mahaifiyata, har kuka ta yi don kunya. Ya dawo da la'asar yana huci, wai ya gano Ɗanjuma gwauro a gida huɗu yake ci.

"To tsoho, iyalin wa za ka sa shi?" na tambaye shi.

"Shi kaɗai iyali huɗu na. In sunka ƙidaya shi sau ɗaya an zalunci tukwane uku."

Cunkoson jama'a kuwa, sai da ya shiga jirgin kasuwa mai zuwa ƙasar Ngaski, wanda ake loda mutum a kan mutum, rago a kan mutum, buhun albasa a kan ragon. Ya dawo da sawun kofato a bayan rigarsa. Ya zauna, ya sauya tabarau, ya rubuta kalmar cikin daƙiƙa ɗaya.

"Ashe ka san ta tun farko!"

"Na san ta ga baki. Yanzu na san ta ga haƙarƙari."

Amma ranar yawan haihuwa ce ba zan manta ba. Kun san matanmu ba sa ƙidaya 'ya'yansu da baki, balle a gaban namiji mai biro. Tsoho ya je ya tsaya wa Goggo Hajo maƙwabciyarmu tana tuƙa tuwo.

"Hajo, ɗiya nawa gare ki?"

"Na Allah na, Malam."

"Na sani na Allah na. Nawa yab ba ki ajiya?"

"Ƙidaya min su za ka yi, ka sa musu baki? Su mutu ka ji daɗi?"

Jama'a, ni dai ban taɓa sanin mai shekara saba'in yana tsallake zana ba sai ranar. Muciya a bayansa, tuwo a kafaɗarsa, takalmi ƙafa ɗaya! Da ya huce, ya rubuta kalmar da Faransanci, ya ƙara wa mutanen Yamai gargaɗi a gefe: kada a yi wannan tambaya kusa da murhu.

Haka mako ɗaya ya zama wata uku. Malam Shehu ya yi ta zarya daga Sakkwato har ya san sunan kowane mai shayi a hanya. Duk da haka yana ganin girman tsoho, don aikin ya yi kyau. Saura kalma ɗaya tak.

A takardar akwai akwatuna biyu da za a yi wa kowane magidanci alama a ɗaya: ɗan asalin gari, ko wanda ya yi ƙaura ya zo. Kalma ta farko Kaka ya juya ta ba gardama. Ta biyu ya ajiye biro ya tambayi Malam Shehu a ina za a sa mutanen unguwarmu.

"A na biyu mana, Baba. Ai ba a Yelwa aka haife ku ba."

"Ɗana, wanda yay yi ƙaura shi ka ɗaure kayanai da hannunai. Mu kwashe mu anka yi. In na rubuta kalmar ga, mutanen Yamai za su karanta cewa mun gaji da gida ne munka taho yawon birni."

"Kalma ce kawai, Baba. Tana nan cikin ƙamus."

"Na san ta tun uwarka ba ta yi aure ba. Ba ni rubuta ta."

Maimakon haka ya rubuta jimla guda da Faransanci, layi uku cif: mutanen da aka sa ruwa ya rufe garinsu, aka ɗora su a mota ba a tambaye su ba. Malam Shehu ya ce akwatin ba zai ɗauka ba. Kaka ya ce a faɗaɗa akwatin.

Lokacin ruwa ya ja baya. Washegari da hantsi ya tasa Malam Shehu gaba har bakin tafki, ni ma na bi don kada gulma ta wuce ni. Mai jirgi ya tuƙa mu har inda ba a ganin komai sai kan wata matacciyar tsamiya ya leƙo. Kaka ya ce a tsaya. Ya riƙa nuna ruwa da sanda: nan gidan limami, nan maƙera, nan rumbun babansa, can kushewar innarsa. Ya lissafo magidanta da sunayensu, bai tsallake ko ɗaya ba. Malam Shehu ya ƙanƙame jaka, gumi yana zuba, don bai iya iyo ba.

"Ga inda nike ɗan asali. Buɗe takardarka ka rubuta."

"Baba, ruwa ne kawai a nan."

"To rubuta ruwa."

Na tuntsire da dariya har jirgi ya karkata. Na juya in tsokani Kaka, sai na ga gemunsa ya jiƙe, kuma ba ruwan tafki ba ne.

Kun san abin da ya biyo baya, don da yawanku kuna nan. An karɓe aikin, an kai Sakkwato, wani yaro mai ƙamus ya cike gurbin kafin shayinsa ya huce. Sauran kalmomin duka na Kaka aka yi amfani da su, ba a ko aiko masa da na gode ba. Ku kuma da kuke ba da labarinsa yanzu a bakin masallaci kuna cewa mutumin kirki ne, a lokacin cewa kuka yi tsufa ya taɓa masa kai. Har tsayar da ni aka yi a hanyar makaranta ana tambayata ko har yanzu kakana yana ƙidaya kifi.

Da masu binciken suka iso unguwarmu, wani saurayi ne ya yi sallama a ƙofarmu. Ya tambayi Kaka inda aka haife shi. Kaka ya faɗi sunan gungunmu. Yaron ya duba jerin garuruwansa, ya ce babu wannan suna. Bai jira komai ba ya yi alama a akwati na biyu, ya ce mun gode Baba, ya wuce gidan gaba. Na zaci za a yi yaƙi, har na gyara tsayuwa. Sai tsoho ya naɗe tabarmarsa ya shiga ɗaki. Na bi shi na ce, "Angona, yau ba faɗa?" Ya ce, "Kulu, baƙo ba shi faɗa garin mutane."

Bai ga ƙarshen daminar nan ba. An binne shi a maƙabartar bayan gari, a busasshiyar ƙasa, nesa da innarsa. Takardar kuma tana can wani ofis da ban sani ba, da harsuna biyu, tana cewa shi mai ƙaura ne.

Ya Allah, ka ji ƙan Malam Nomau. Ka yafe masa tukwanen da ya buɗe da zanar Goggo Hajo da ya tsallake. Ka saukar da shi a gidan da ba a tashin kowa, ka haɗa shi da mutanen gungunsa, ba wanda ya ɓace a lissafi. Amin.