Wutsiyar Sifili Ɗigo Ɗaya

Tobias malamin lissafi ne a garin Mutum Biyu kafin a ƙirƙiro jihar Taraba. Da Jalingo ta zama babban birni, ya sayar da gonar doyar da ya gada, ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya buɗe shagon koyarwa a unguwar Yelwa da ke Jalingo. Mutum ne mai naci, in ya kama abu sai ka ce kaska.

Wata rana yana koya wa ɗalibai BASIC, yaren da ake ba na'urar umarni da shi, ya buga mata 0.1, ya ce ta nuna lambar har ƙarshenta. Ta nuna .1000000014901161, da doguwar wutsiyar lambobi a baya. Ya goge, ya sake bugawa, wutsiyar tana nan. Ya gwada 0.5, ta fito tsaf. 0.3 kuwa ta zo da tata wutsiyar.

Shi ke nan, Tobias ya sa a ransa ya gano ciwon da maƙeran na'urar ba su sani ba, kuma ranar da jami'a ta ji, za a aiko a ɗauke shi. Duk sanda aka kawo wuta yana gabanta, lamba bayan lamba. Ɗalibai sun zo koyon buga takarda ne don su samu aiki a sakatariya, shi kuwa sai nuna musu yake kwamfuta tana ƙarya. Suka zame ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba.

Matarsa Rebeka, wadda tallan kifinta ke riƙe da gidan, takan ce, "Baban Hope, wannan wutsiya naka, za mu dafa shi ne?"

"Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Shekaru suka ja. Sai wani malamin jami'a daga Yola ya zo biki unguwar. Tobias ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya roƙe shi ya leƙo shago. Mutumin ya dubi lambobin, ya ce cikin ladabi, "Malam, ka yi daidai. Na'urar da bibbiyu take ƙirga, ɗaya bisa goma ba ta zauna mata cif. 'Yan shekarar farko muke koya wa wannan."

"An sani ke nan?"

"Tun kafin a ƙera wannan taka."

Tobias ya raka baƙon har bakin titi, yana ta godiya, abin tausayi. Da ya iso gida ya tarar Rebeka ta yanka kaza, tana jiransa a ƙofa.

"Ya ce mene?"

"Ya ce na yi daidai."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta tafi gaya wa maƙwabta za su koma Yola.