Ƙwayar Noma

Falalu tela mutum ne mai fargaba, irin wanda in hadari ya haɗo a Ƙaraye yake kwashe shanya a Rogo. Shekara ashirin yana taka keken ɗinki a rumfarsa ta bakin kasuwa, kuma daga nan yake kallon 'ya'yan mutane suna lalacewa. Wannan ya cusa hanci a tsumman sholisho, wancan yana tangaɗi da rana tsaka. Shi ya sa dogon hutun damina ke hana shi sukuni, don lokacin ne ɗansa Lurwanu, ɗan aji uku a makarantar kwana, yake dawowa gida ba aikin fari ba na baƙi.

A daminar 1991 ya yi dabarar da yake ganin ta fi ta kowa. Ya tura yaron zuwa ƙauyen Zoza, gonar gyaɗar wansa Jibo, inda babu tasha balle 'yan zaman kashe wando.

Duk ranar kasuwa sai labari ya zo cewa Lurwanu ya gagari manya a noma. Mutane na yi wa Falalu barka, shi kuwa bai yarda ba. Ya san kayansa. Yaron da guga biyu na ruwa ke sa shi nishi, yaushe ya zama ingarma? Ran nan ya rufe rumfa, ya ari babur.

Ya iske manoma a inuwa suna shan fura, Lurwanu kaɗai ke duƙe a rana, ko ɗagowa bai yi ba. Ya rame, leɓe ya bushe, ido jajir. Da Falalu ya tambaya, Jibo ko a jikinsa. Ya ce ƙwayar da 'yan ƙwadago ke jefawa a koko ce, kuma shi ya ba yaron da hannunsa, don kada a yi wa gidansu dariya ranar gayya.

"Ai ba shaye-shaye ba ne, Falalu. Maganin gajiya ne."

Babban wa uba ne, ba dama ya zage shi. Ya haɗiye baƙin cikinsa, ya goya ɗansa suka kama hanya. Ba su yi nisa ba ya ji jikin yaron na kakkarwa a bayansa.

"Baba, don Allah tsaya wajen mai teburin can. Guda ɗaya kawai, kaina zai tsage."

Falalu bai tsaya ba. Ya ƙara wuta, ƙwalla na hana shi ganin hanya.