Sandar Tokiko

Ba na yabon mutum a gaban idonsa. Yau zan yi.

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai na safe Momose Tokiko tana ƙofar tsohuwar makarantar ƙauyenmu, wadda aka mayar gidan baje kolin zanen littattafan yara. Ta share dusar ƙanƙara, ta jera silifas, ƙanana a gaba. Ta saki labule, don rana tana cin launi. Sannan ta ɗauki sandarta mai tsawon yaro ɗan shekara biyar. Da ita take auna inda kowane hoto zai zauna.

Bara baƙi daga birni suka yi ƙorafi, wai sunkuyo ya ƙage musu baya. Majalisar ƙauye ta ce a ɗaga hotunan. Ni na kawo shawarar, ba na ɓoyewa. Da an ɗaga, yara sai kallon bango.

Ba ta yi gardama ba. Ta kira mu shan shayi, mu 'yan majalisar bakwai. Kafin shayin ta tare mu a ɗakin farko, ta kira sunana.

"Aruga-san, yau da gwiwa za ku zagaya."

"Shekarata tamanin, ki sa ni rarrafe?"

"Ai da shi ka fara. Ba ka manta ba."

Na durƙusa, don kar a ce na kasa. A hoton kasuwa, ƙarƙashin teburin mai tuffa, sai ga ɓera yana mirgina tuffar da ta fi shi girma. Shekarata sittin ina noman tuffa, sau ɗari na wuce hoton nan, ban taɓa ganin ɓarawon ba.

Shugaban majalisa ya ƙwala ihu daga gaba: "Ga ja'irin nan, ya hau amalanke!"

Haka tsofaffi bakwai muka bi ɓeran da rarrafe har ɗaki na uku, inda ya kai wa 'ya'yansa tuffar. A nan gwiwa ta ƙi tashi.

"Tokiko, kama ni."

"Hotunan fa?"

"A bar su. Kama ni, na ce!"

Tokiko, ke ce kika san yara ne masu gidan nan tun farko, mu muka ɗauka namu ne. Watan gobe za ki ajiye aiki ki huta. Mun gode.

Sandar ta tsufa, na sassaƙa sabuwa da icen gonata. Ban ƙara ko yatsa ɗaya ba. Wanda zai gaje ki, ya fara durƙusawa kafin ya taɓa gudumar kafa hoto.