Sawuna a Iyakar Gona

A shekarun farko na mulkin kai ina aikin awon gyaɗa a Gangara, zaune daga safe har la'asar, ga goro ga shayi. Sai ƙirjina ya fara bugu kamar ana daka a ciki. Likitan Tanut ya saurara, ya ce in rage gishiri da man shanu, in bar goro, in riƙa tafiya kullum har gumi ya fito. Na tambaye shi ko mutuwa zan yi. Ya ce in dai yi tafiyar.

A garinmu kuwa babba ba ya tafiya sai da dalili. Duk wanda ya gan ka sai ya ce ina zuwa, kuma dole ka ambaci wuri. Ni ba na iya ƙarya. Don gudun tambaya na bar hanya, na riƙa fita bayan gari da sassafe, ina bin layin gamba da ke raba gonaki, kada in taka shukar wani.

Wata safiya maƙwabcinmu, tsoho sa'an mahaifina, ya tare ni da hauya a kafaɗa.

"Ɗan boko, me kake aunawa?"

"Baba, likita ne ya ce in yi tafiya."

"Likita ya ce ka bi iyakata? Sawunka na nan tun daga kalgo har rijiya. Ubanka ya nemi gonar nan bai samu ba, kai za ka ci da taku?"

"Ciwon zuciya gare ni, Baba."

"Mai ciwo kwanciya yake yi."

Kafin azahar wasu na cewa laya nake binnewa, wasu na cewa gwamnati nake auna wa ƙasa. Mai gari ya kira ni ya hana ni taka iyakar kowa. Na zauna gida, bugun ya dawo, ina ta sa hannu a ƙirji har cikin salla.

Da na ga mutuwa nake jira, na hau babbar hanyar Tanut ido na ganin ido. In an ce ina zuwa, in ce ba ko'ina. Suka koma cewa boko ya taɓa mini kai, na bar musu, don mahaukaci ba a kai shi ƙara. Numfashina ya daidaita kafin kaka. Tsohon kuwa ya shinge iyakarsa da ƙaya, kuma har ya rasu bai sāke amsa gaisuwata ba.